Dabinon kwalba: shin ya cancanci kuɗinsa a gonakinmu?

Alhaji Sabo, Gumel:
Assalamu alaikum, 'yan uwa manoma da malamanmu na wannan zaure. Ina da fili mai kimanin hekta biyu a gefen fadama, na haƙa rijiyar burtsatse a ciki, kuma niyyata ita ce in mayar da shi gonar dabino. Wani mai sayar da dashe ya kawo mini ƙananan dabino a leda, ya ce ba daga ƙwallo suka fito ba, kuma ba 'ya'yan gindi ba ne, wato waɗanda ke tsirowa a gindin uwar dabino, a ɗakin gwaje-gwaje aka rene su cikin kwalba. Ya tabbatar mini dukkansu mata ne, irin Majhul. Kuɗin guda ɗaya ya ninka na dashen ƙwallo sau da yawa. Ina roƙon waɗanda Allah ya ba ilimin abin su yi mini bayanin yadda ake fitar da bishiya daga kwalba, da kuma ko akwai hanyar da zan gane gaskiyar abin da ake son sayar mini, domin ba na son cinikin biri a sama.

Baba Garba, Dutse:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Mu nan Dutse da dabino muka taso, iyayenmu ma a cikinsa suka tsufa, kuma hanyoyi biyu muka sani. Ko dai ka shuka ƙwallo ka jira shekaru ka ga abin da Allah zai fitar, ko kuma ka sare ɗan gindi daga uwar da ka san zaƙinta ka dasa. Matsalar ƙwallo kowa ya san ta: kusan rabin abin da ka shuka maza ne, ba za ka gane ba sai ranar da suka fitar da fure, kuma matan ma ba lallai su yi kama da uwarsu ba. Ɗan gindi shi ne abin dogaro, sai dai uwa ba ta bayar da su da yawa, kuma idan ta girma ta miƙe sama takan daina. Shi ya sa mai dabino mai kyau ba ya saurin rabuwa da 'ya'yan gindinsa. Game da na kwalba, abin da ke damuna shi ne ban ga uwar da ido ba. Ta yaya zan yarda da ɗan da ban san gidansu ba?

Dakta Hadiza, Zariya:
Ina gaishe ku, Alhaji da Baba. Aikina ne renon tsirrai a ɗakin gwaje-gwaje, don haka bari in fayyace yadda ake yi, domin amsar tambayar Baba tana cikin aikin kansa.

Dabinon kwalba ma daga ɗan gindi yake farawa. Ana saro ɗan gindi mai lafiya daga uwar da aka zaɓa, a riƙa ɓare ganyensa da ɓawonsa ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, har a kai ga farar zuciyar da ke can tsakiya, wadda ba ta fi babban yatsa girma ba. A nan ne ƙwayoyin halittar da ke haifar da sabon ganye suke. Da zarar iska ta taɓa wannan zuciya sai ta fara yin ja tana komawa baƙa, saboda haka nan take ake tsoma ta cikin ruwa mai sanyi da aka zuba wa sinadarin tsamin lemo da bitamin C. Daga nan a wanke ta da ruwan bilic, a ɗauraye sau da yawa da ruwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, sannan a yanka ta ƙanana a kan wani teburi mai hura tatacciyar iska. Kowane yanki ana ɗora shi a kan abinci mai daskarewa a cikin kwalba. Abincin ya ƙunshi gishirin ma'adinai, da sukari kimanin giram 30 a kowace lita, da bitamin, da sinadaran girma, kuma a aikin dabino akan ƙara garin gawayi na musamman domin ya tsotse abin da ke baƙanta tsiron. Tun kafin a saka komai, ana dafa abincin da kwalaben a tukunyar tururi mai matsi, a zafin digiri 121, na minti 15 zuwa 20. Haɗin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne wanda Murashige da Skoog suka fitar a Amurka a 1962, lokacin da suke aiki a kan taba.

Watanni na farko a cikin duhu ake ajiye kwalaben, ana sauya musu sabon abinci bayan 'yan makonni. Idan tsiro ya fara fitowa sai a mayar da su ɗaki mai fitila, awa 16 na haske a kowace rana, da zafi kusan digiri 27. Ana raba tsiron, kowane ya sake yin 'ya'ya, a sake rabawa, har daga zuciya ɗaya a samu dubbai. Dabino yana cikin bishiyoyi masu nawa a wannan aiki, domin daga ranar yanka zuwa ranar da dashe zai isa shiga gona ana cin shekara biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Idan uwar mace ce, duk abin da ya fito daga gare ta mace ne. Wannan ɓangare na maganar mai sayarwar yana iya zama gaskiya.

Abdullahi, ɗalibi daga Katsina:
Dakta, Allah ya ƙara sani. Akwai maganar da ke yawo cewa duk irin da ya fito daga ɗakin gwaje-gwaje an sauya masa halitta, kuma cinsa yana kawo rashin haihuwa ko wata cuta. Mahaifina ya ƙi karɓar dashen ayaba saboda wannan dalili. Shin dabinon kwalba yana cikin irin waɗanda ake sauya wa ƙwayoyin gado?

Dakta Hadiza, Zariya:
A'a, Abdullahi, ayyuka ne biyu daban. Mai sauya ƙwayoyin gado yana saka wa tsiro wani abu da babu shi a jikinsa tun asali. Mai renon tsiro a kwalba kuwa ba ya ƙara komai a gadon bishiyar, yanki yake ɗauka ya ba shi abinci da tsabta har ya zama cikakkiyar bishiya, kamar yadda karan rogo ko reshen zogale ke tsira idan an binne shi, sai dai yankin ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Tun a 1902 wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Gottlieb Haberlandt, ya yi hasashen cewa ƙwayar halitta ɗaya ta tsiro tana ɗauke da ikon zama cikakken tsiro, kuma a ƙarshen shekarun 1950 aka tabbatar da hakan a kan karas. Ka gaya wa mahaifinka ya kwantar da hankalinsa a kan cin 'ya'yan. Haɗarin da ke cikin wannan sana'a yana kan aljihun manomi ne.

Malam Nura, malamin gona, Haɗeja:
Wannan haɗari na aljihu shi nake so a tsaya a kansa, domin masu tallar dashen kwalba ba sa ambatonsa. Ba kullum ɗan kwalba ke fitowa daidai da uwarsa ba. Hanyoyi biyu ake bi a dabino. A ta farko ana zuba sinadarin girma mai ƙarfi, musamman wanda ake kira 2,4-D, har yankin ya zama wani farin dunƙule marar siffa, daga dunƙulen ne 'ya'ya ke fitowa da yawa kuma da sauri. A ta biyu ana sa yankin ya fitar da tsiro kai tsaye ba tare da ya bi ta dunƙulen ba, kuma ta fi jinkiri da tsada. Hanyar farko ce ta fi haifar da bishiyoyin da suka kauce wa asali, musamman idan an daɗe ana juya dunƙulen daga kwalba zuwa kwalba don neman riba.

An ga haka a Saudiyya da wasu ƙasashen yankin a kan dabino Barhi na kwalba, inda bishiyoyi suka girma lafiya lau, aka yi musu barbara, wato sa garin furen namiji a furen mace, kamar yadda aka saba, amma 'ya'yan suka ƙi kamawa, sai wasu ƙananan 'ya'ya marasa ƙwallo da ba su da amfani a kasuwa. Wasu bishiyoyin sun gyaru bayan shekaru, amma manomi ya riga ya yi asarar waɗannan shekarun. Abin da ya faru da kwakwar manja a Maleshiya ya fi wannan muni. A shekarun 1980 aka dasa ta kwalba da kyakkyawan fata, sai da ta isa haihuwa aka ga furen ya lalace, 'ya'yan ba su da mai. Sai a 2015 masu bincike na hukumar manja ta ƙasar suka gano musabbabin, wato wata alama ce da ke rufe wani sashe na ƙwayoyin gado take gogewa a lokacin renon kwalba. Kusan shekara talatin ke nan tsakanin ganin matsalar da gano dalilinta. Ni ba ina hana Alhaji saye ba ne, amma dabino ba masara ba ce da za ka gane kuskurenka a wata uku. Sai bayan shekara huɗu ko biyar na ban ruwa da taki za ka san abin da ka dasa.

Alhaji Sabo, Gumel:
Malam Nura, ka ɗaga mini hankali, amma gara yanzu da daga baya. To, idan haka ne, me ya sa ƙasashen Larabawa da suka fi mu sanin dabino suke zuba kuɗi a wannan hanya maimakon su tsaya a kan 'ya'yan gindi?

Malam Yusufu, Damagaram:
Alhaji, dalilin cuta ce da ƙwaro, kuma mu mutanen Nijar ya kamata mu fi kowa kula da wannan, tunda muna iyaka da Aljeriya. Akwai wata cuta mai suna Bayud, funfuna ce da ke zaune a cikin ƙasa, tana shiga ta saiwa ta toshe jijiyoyin ruwan bishiya, ganye ya fara fari ta gefe ɗaya har bishiyar ta mutu. Ta kashe fiye da dabino miliyan 10 a Maroko da wasu miliyoyi a Aljeriya, kuma iri masu daraja irin su Majhul su ta fi kamawa. Shi kansa Majhul ɗin da ake son sayar maka, ɗan Maroko ne. A 1927 wani masani Ba'amurke, Walter Swingle, ya ɗauki 'ya'yan gindi 11 daga Budenib ya kai su Amurka, aka killace su a jihar Nebada na tsawon shekaru, 9 suka rayu, daga baya aka mayar da su Kalifoniya. Mafi yawan Majhul da ke kasuwannin duniya a yau daga waɗannan 9 ya samo asali. Maroko ta zaɓo irin da ke jure wa Bayud, kuma babu yadda za a yi a cike gurbin miliyoyin bishiyoyi da 'ya'yan gindi, tunda uwa ɗaya ba ta wuce bayar da ashirin ko talatin a duk rayuwarta. Kwalba ce kaɗai ta iya wannan aiki.

Sai kuma jan ƙwaron dabino, wanda tsutsarsa ke cin cikin bishiya ba a sani ba sai ta faɗi. Ya shiga ƙasashen Larabawa na gaɓar tekun Fasha a tsakiyar shekarun 1980, ya isa Masar a 1992, kuma ta hanyar safarar 'ya'yan gindi da manyan bishiyoyi ya fi yaɗuwa. Saboda haka ina roƙon duk ɗan uwan da ya je Umara ko kasuwanci arewa, kada ya ɗauko ɗan gindin dabino a ɓoye don ya ga irin yana da kyau. Abin da zai shigo da shi yana iya cinye dabinon yankunan Kawar da Ayar da Manga na ƙasarmu Nijar gaba ɗaya. Ɗan kwalba da ya fito daga ɗakin gwaje-gwaje na ƙwarai ba ya ɗauke da ƙasa, ba ya ɗauke da tsutsa, kuma wannan fa'ida ce da ba ta da na biyu.

Baba Garba, Dutse:
Malam Yusufu, na gamsu da maganar cuta. Amma akwai abin da ba wanda ya taɓo, shi ne damina. Dabinon Sahara yana nuna ne a lokacin da babu ko ɗigon ruwa, yana bushewa a kan uwarsa. Mu namu sau biyu yake haihuwa a shekara. Na rani shi ne mai kyau, yana nuna kafin ruwa ya sauka sosai. Na damina kuwa, idan ruwa ya same shi yana cikin nuna, sai ka ga fatar ta tsage, ya yi tsami, ƙuda da tsuntsaye su taru a kansa, ka tarar da rabin nonon a zube a gindi yana wari. A cikin dabinonmu na gargajiya akwai waɗanda suke saurin nuna su tsere wa ruwa, akwai kuma masu taurin fata da ruwa ba ya yi musu illa sosai. Mun san su ɗaya bayan ɗaya, har suna muke ba su. Shi wannan Majhul mai laushi da girma, wa ya gwada shi a ƙarƙashin ruwan Yuli da Agusta na ƙasarmu?

Dakta Hadiza, Zariya:
Baba, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a zauren nan, kuma ina so 'yan uwa su riƙe ta. Kwalba ba ta gyara iri. Abin da aka saka mata shi take ninkawa, da alherinsa da aibinsa. Idan aka ninka irin da bai dace da daminarmu ba, an ninka asara ne sau dubu, kuma duk gonar za ta lalace a mako ɗaya tunda bishiyoyin jininsu ɗaya, lokacin nunarsu ɗaya.

Akwai darasi a yankin Kach na jihar Gujarat a Indiya, inda ruwan damina ke sauka kafin dabino ya gama nuna, kamar yadda yake faruwa a nan. Manoman can suna girbe shi ne tun yana ɗanye, lokacin da ya yi rawaya ko ja yana da garas-garas, su sayar da shi a haka. Shi ya sa Barhi na kwalba ya karɓu a wurinsu, domin Barhi yana da zaƙi tun a wannan mataki, ba ya kama baki. Sun zaɓi iri ne bisa daminarsu, ba bisa sunan da ya yi a kasuwar duniya ba.

A ganina, babban aikin da ke gabanmu shi ne waɗannan bishiyoyi da Baba ya ce sun san su da suna. Reshen NIFOR, cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya, mai kula da dabino yana nan Dutse, kuma yana da tarin ire-iren dabino na gida. Abin da ya dace shi ne a bi gonakin Jigawa da Yobe da Damagaram da Difa, a rubuta nauyin abin da kowace fitacciyar bishiya ke bayarwa da lokacin nunarta na 'yan shekaru, a zaɓi mafi kyau, sannan a kai su kwalba. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne da suka daina 'ya'yan gindi, ranar da iska ta kayar da su irin ya tafi ke nan har abada. Amma yanzu ana iya farawa daga ɗanyen furen da bai fito daga kubensa ba, ba sai an kashe uwar ba, kuma an yi nasarar haka a Maroko da Pakistan. Maza nagari ma suna buƙatar ninkawa, domin garin furen namiji yana shafar girman 'ya'ya da lokacin nunarsu.

Hajiya Rabi, Lafiya:
Ina neman izinin sako maganar ayaba, domin ita nake nomawa kuma na dasa ta kwalba. Abin da na gani shi ne gonar tana tashi kai ɗaya, tana haihuwa kusan lokaci guda, abin da ke sauƙaƙa kiran mota. Ba ta zuwa da tsutsar gindi da muke kwasowa a 'ya'yan ayabar maƙwabta. Amma tana da shagwaɓa a farko, idan ruwa ya yanke mata na 'yan kwanaki sai ta kwanta, kuma tana son taki fiye da yadda muka saba. Ina son sanin ko da gaske ne ba ta ɗauke da kowace irin cuta.

Malam Nura, malamin gona, Haɗeja:
Hajiya, ba gaba ɗaya ba. Wanki da bilic yana kawar da abin da ke bayan tsiro, amma cutar bairas a cikin jiki take, tana iya bin ɗan kwalba idan ba a gwada uwar ba. Cutar da ke tattare ganyen ayaba a sama ya tsaya cirko-cirko ta riga ta shigo kudu maso yammacin Najeriya, kuma ƙananan kwari masu tsotsar ruwan ganye ne ke yaɗa ta, saboda haka ko tsabtataccen dashe yana iya kamuwa bayan ya shiga gona. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan ta daɗe tana aiki a kan wannan. Sannan a tuna cewa ayabar Kabandish da ta mamaye kasuwar duniya duk jini ɗaya ce, shi ya sa sabon nau'in cutar Panama, mai kashe ayaba ta saiwa, da ya isa Mozambik a 2013 da Kolombiya a 2019 yake tayar da hankalin kowa. Ga ƙaramin manomin ayaba akwai hanya mai araha da aka inganta a Kamaru: a fere gindin ɗan ayaba, a kashe idon tsakiya da wuƙa, a binne shi a cikin garin katako mai laima ƙarƙashin leda, sai ya fitar da 'ya'ya masu yawa cikin 'yan makonni. Mangwaro da lemo kuwa, aure, wato haɗa reshen iri mai kyau a jikin wani dashe, ya ishe su, kuma mangwaro ma yana da taurin kai a kwalba.

Alhaji Sabo, Gumel:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Dakta, idan mai sayarwar ya dawo, me zan tambaye shi, kuma me zan duba a jikin dashen?

Dakta Hadiza, Zariya:
Alhaji, ka fara neman sunan ɗakin gwaje-gwajen da ya rene su da takardar da ke nuna iri da lambar rukuni. Idan daga waje aka shigo da su, dole ne a samu takardar lafiyar tsirrai ta ƙasar da suka fito da kuma izinin hukumar killace kayan gona ta Najeriya. Ka tambaye shi ta wace hanya aka ninka su, kuma ko an yi musu gwajin ƙwayoyin gado don tabbatar da iri. Wanda ya kasa nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka bar masa kayansa.

Sannan ka tone gindin guda ɗaya a hankali da yatsa. Ƙaramin dashen ƙwallo sau da yawa za ka tarar da ƙwallon ko ragowarsa maƙale a ƙarƙashin ƙasa, ɗan kwalba kuwa ba shi da ƙwallo ko kaɗan. Rashin ganin ƙwallo ba hujja ba ce ita kaɗai, domin ana iya cire shi, amma ganinsa ya kashe magana. Ka duba ganye kuma. Tsiron da ya fito daga kwalba kamar bakwaini yake, bai saba da busasshiyar iska ba, ramukan numfashin ganyensa ba su iya rufewa da kyau ba, shi ya sa ake ajiye shi watanni a rumfa mai laima ana rage masa laimar sannu a hankali. Kada ka karɓi wanda ganyensa duk faffaɗa ne marasa rabuwa. Ka jira mai ganye aƙalla uku ko huɗu da suka rarrabu irin na babban dabino, da gindi mai kauri, da saiwa fara da ta cika ledar.

A tazarar mita 9 tsakanin bishiyoyi, hekta ɗaya tana ɗaukar kimanin 120, wato filinka zai ci kusan 240. Ban ba ka shawarar cika shi da iri ɗaya ba. Ka sa ƙaramin sashe na Majhul ko Barhi mai takarda a matsayin gwaji, ka nemi 'ya'yan gindi daga fitattun bishiyoyin su Baba ka dasa a sashe mafi girma, ka tanadi namiji nagari ɗaya ga mata 25 zuwa 50 tunda da hannu za ka yi barbara. Ka dasa a farkon damina, ka kewaye kowane da zana ko karan dawa saboda rana da iskar hunturu da awaki.

Baba Garba, Dutse:
Alhaji, idan za ka zo neman 'ya'yan gindi, ka zo a lokacin girbin rani, tsakanin Afrilu da Yuni, ka ɗanɗana daga uwar da bakinka kafin a sa mata alama. Kada ka yarda a sare maka ƙarami, ka nemi wanda ya kai shekara uku a jikin uwarsa kuma ya fitar da saiwar kansa. Dakta kuma, akwai wata tsohuwar bishiya a gonarmu da ke nuna tun kafin sauran, ta daina 'ya'yan gindi tun da daɗewa. Tana fitar da fure a cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Janairu. Ki sanar da ni girman kuben da kuke buƙata da yadda za a ɗauko shi zuwa Zariya ba tare da ya bushe a hanya ba, zan sa yara su hau su saro.